Sanyin Tabuka da Wasan Yaya Idrisu

Sanyin Jidda abin dariya ne ga wanda ya san sanyi. Iska ce kawai take juyowa daga arewa, gumin da ya manne wa mutum wata da watanni ya sake shi, a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe taga. Amma mu da aka haifa a nan, ranar da ta fara kaɗawa sai ka ga mutane da rigunan ulu har da hula mai rufe kunne, ana ta gaisuwar sanyi kamar ƙanƙara ce ta zubo. Ni ba na cikin masu murna da zuwanta. Duk shekarar da ta juyo, na san wana Idrisu zai fara tambaya.

Bana kuma abin ya zo da ƙari. Ɗana Faisal yana buga wa kwalejinsu ƙwallo, sun kai wasan ƙarshe na gasar kwalejoji, masu shirya gasar kuwa sun kasa tsayar da inda za a yi shi, ko nan Jidda, ko can arewa a garin abokan karawarsu. Kwanakin nan falona na unguwar Safa ya zama majalisa. Shi da abokansa su cinye mini abin da ke cikin firji, su yi ta ɗaga murya da Larabci, sai in an tuna da ni a jefo Hausa.

"Wallahi zalunci ne, ya shabab," in ji ɗaya. "A wannan watan? Ƙafarka ma ba za ka ji ta ba."

"Su da suke saukowa nan su narke fa?" in ji wani. "Halas, a yi ƙuri'a kowa ya huta."

Yaya Idrisu yana kan kujerarsa ta bakin taga, gemunsa ya yi fari fat. Ya ɗago kai.

"Rakiya, sun tsayar?"

"Har yanzu suna gardama, Yaya."

"Mutanen nan ba su da aikin yi," ya ce, ya mai da ido kan titi.

Wasan da yake tambaya ba na Faisal ba ne. Nasa ne, wanda aka ce za a buga tun ina budurwa. Amsar nan ita muke ba shi fiye da shekara talatin, kuma bana ne karon farko da ta zama gaskiya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne gardamar bana za ta ƙare, za a faɗa a talabijin, kunnen Yaya kuwa lafiya lau yake ji. Ban san me zan ce masa ranar ba.

Shekarar da abin ya faru mai wuya ce tun daga farkonta. Muna haya a bayan Balad, tsohon cikin gari, ɗaki biyu a saman wani tsohon gida na dutsen teku, wanda bangonsa yake gumi tare da mutanen cikinsa. Baba dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Wani buhu ya zame masa a kan tsani ya taɓa masa baya, ya kwanta a tabarma bai sake ɗaukar kaya ba. Ummi ta koma suyar ƙosai a bakin lungu da safe, da yamma wankau. Ni ce mai jiƙa wake da surfe shi, ni ce mai bin layin motar ruwa da jarka. Akwai ranakun da abincin ranarmu burodin tamis ne da shayi, na dare kuma shayi ne da abin da ya rage na tamis ɗin.

Zafin bazarar nan har yau ina jin sa a fatata. Iskar teku takan zo da laima mai gishiri, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Wankin Ummi ya wuni a igiya bai bushe ba, masu kaya su zo suna ƙorafi. Mukayyif ɗaya gare mu, tsoho, mai ƙara kamar injin niƙa, sanyin da yake bayarwa kuma kaɗan ne. Don haka dukanmu a ɗaki guda muke kwana, da doka daga Ummi: kada ko ɗigon sanyin nan ya fita. Aikin Idrisu ne. Ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya nannaɗe tsohuwar jarida ya bi tsagun katakon taga ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi da tafin hannu yana lalube ko akwai inda iska take shiga. Ummi har alfahari take yi wa maƙwabta, wai duk hararmu, wato unguwarmu, babu mai toshe ɗaki kamar ɗanta.

Abin da yake riƙe da zuciyar gidanmu a shekarar ƙwallon Idrisu ce. Yana kwalejin koyon sana'a, shi ne ɗan gabansu. Mai tsaron ragarsu Bashir ne, amininsa tun suna gudu ba takalmi a lungu, ɗa tilo ga maƙwabciyarmu Khala Zainabu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Bashir dogo ne, siriri, mai surutun tsiya. Ya shigo gidanmu ya buɗe tukunya kafin ya yi sallama, in na yi magana ya ce ai duba gishiri yake yi mini. Suka yi ta cin wasa bayan wasa, har aka fara cewa mutanen manyan kulob za su je kallon wasan ƙarshe. Baba daga kan tabarmarsa yake sa a ba shi labarin kowace ƙwallo, sai ka ga ya manta da bayansa har ya yi yunƙurin tashi.

Sai ruwa ya zo. A Jidda ruwan sama ba ya sallama. La'asar ɗaya sama ta yi baƙi, kafin Magariba lungunmu ya zama rafi, yana tafe da takalman mutane da kwandunan shara. Rufinmu ya yi yoyo, muka jera kwanuka da bokitai, murhun Ummi na bakin lungu ya jiƙe, kwana da kwanaki babu suya. Da ruwan ya janye ya bar mana laka da sauro, ya kuma bar iskar nan ta arewa. A cikinta ne labari ya zo cewa yaranmu sun kai wasan ƙarshe, da kwalejin Tabuka, garin sanyi can arewa, za su kara, amma ba a tsayar da gari ba.

Gardamar ta tare a shagon Ammi Salihu, wani dattijo mutumin Chadi, don shi ne mai rediyo da wayar tarho a lungun. Masu cewa Jidda suna da hujja: filinmu ya fi girma, kuma a watan nan babu garin da ya kai namu daɗin iska. Aka ce su kuma na Tabuka sun kafe, wai kowace shekara su ake saukowa da su bakin teku suna haki. Maza suka raba kansu gida biyu, har waɗanda ba su taɓa shurin ƙwallo ba. Wata rana aka kawo zancen gaban tabarmar Baba.

"Ku ji tsoron Allah," ya ce. "Shekara nawa yaran mutane suna zuwa nan suna buga muku ƙwallo harshe a waje? Ku ma ku hau ku ɗanɗana nasu."

"Ni ko a cikin firji ne zan buga, Baba," in ji Idrisu.

"Kai ai gudu kake yi," in ji Bashir. "Ni da zan tsaya wuri ɗaya kamar turke, ni za a tambaya."

Ba Baba ne ya yanke hukuncin ba, ba ma wanda ya ji ta bakinsa cikin masu yankewa. Amma da aka ce Tabuka, ya yi murmushi ya ce an yi adalci, kuma maganar nan ita ce ta zauna masa a wuya har ya bar duniya.

Sai a lokacin muka gano duk hararmu babu mai rigar sanyi ta kirki. Me za mu yi da ita? Mata suka taru a tsakar gidan Khala Zainabu. Aka je kasuwar gwanjo, abin da aka samo bai kai ko'ina ba. Wata ta kawo shawara: ai kowane gida akwai haramin da alhazai suke bari bayan Hajji, mai kauri kamar tawul. Aka tattaro su, aka wanke, za a ɗinka 'yan ciki da za a sa a ƙarƙashin rigar wasa. Khala Zainabu ta ɗaga ɗaya ta dube shi.

"Ni ba zan ɗinka wa ɗana farin ƙyalle ba," ta ce. "A rina."

Aka rina su shuɗi a babban baho. Hannuwanmu suka yi mako suna shuɗi, ƙosan Ummi ma sai da masu saye suka yi mata tsiya. Keken ɗinki ɗaya ne, na Khala, ana karɓa-karɓa daga hantsi zuwa Magariba. Masu yanka suna yanka, mu 'yan mata muna kalmasa baki da allura. A gefe ana dakan dambun nama da ɗan abin da aka haɗa, ana ƙulla yaji da dabino. Ban taɓa ganin yunwa da dariya sun zauna wuri ɗaya kamar a tsakar gidan nan ba. Ranar tafiya muka raka su bakin bas, kowanne ya yi ƙato da kaya, suna gumi, Bashir yana cewa in bai mutu da sanyin Tabuka ba zai mutu da zafin rigar uwarsa. Khala ta kai masa duka a kafaɗa.

Washegarin isarsu, bayan La'asar, Ammi Salihu ya aiko a zo ga waya. Ni na fi kowa gudu, ni na ɗauka.

"Ya ukhti, ba ki ga abu ba," in ji Idrisu, yana dariya haƙoransa suna haɗuwa. "Hayaƙi ne yake fita daga bakinmu. Ƙwallon ta zama dutse, in ka buga har cikin kai kake ji. Ruwan alwala kuwa kamar ana yanka ka."

"Rigunan fa?"

"Ki ce wa su Ummi Allah ya saka. Su 'yan garin da gajeren hannu suke yawo, suna kallonmu suna dariya. Bashir ya kasa dunƙule yatsunsa, yana can yana hura musu iska. Gobe dai ku kunna rediyo. Yalla, akwai layi a bayana."

Wannan ce hira ta ƙarshe da na yi da wana yadda Allah ya halicce shi.

Ranar wasan Ummi ba ta yi wanki ba. Aka ɗauko Baba a kan kujera, maza biyu suka sauko da shi har ƙofar shagon. Lungu ya cika, mata daga baya a kan tabarmi, iska mai daɗi tana kaɗawa. Lokaci ya yi, rediyo yana ta wasu shirye-shirye. Ammi Salihu ya murɗa nan ya murɗa can. Can mai magana ya ce an ɗage wasan ƙarshe na kwalejoji, bai faɗi dalili ba. Maza suka fara tsaki, wani ya ce ai dama ya faɗa, ƙila filin ne ya daskare. Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Na ga Ammi Salihu ya saurara, ya cire hularsa, ya dubi Baba, sannan ya dubi wajen da Khala Zainabu take zaune.

Yadda abin ya faru, daga bakin malamin wasanninsu muka ji, ranar da ya zo ta'aziyya. Su uku ne a ɗakin, Idrisu da Bashir da wani ɗan ajinsu. Na'urar ɗumama ɗakin ta lalace. Mai gadin masaukin, don tausayi, ya kawo musu kasko da gawayi, ya ce su bari ya ruru a waje sai ya yi ja, kuma su bar taga a ɗan buɗe. Suka ce to. Ga yaran Tabuka wannan magana ce da aka sha da nono. Namu kuwa ba su taɓa kwana da wuta a ɗaki ba, abin da suka sani shi ne in ka samu iska mai daɗi a ɗaki, ka tsare ta kada ta gudu. Da ba su fito sallar Asuba ba aka ɓalle ƙofar. Malamin ya ce an samu tawul a cushe a ƙarƙashinta, tagar kuma an bi tsagunta da jarida, tsaf, babu inda aka bari. Bashir da ɗayan sun riga sun cika. Idrisu yana kwance a ƙasa kusa da ƙofa, da sauran numfashi.

Ummi ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta dubi hannuwanta, da sauran shuɗi a gefen farce, ta ce, "Ni na koya masa." Daga ranar har ta rasu ba a sake cusa tsumma a ƙofar gidanmu ba, komai zafi.

Ya daɗe a asibiti kafin a dawo mana da shi. Yana tafiya, yana ci, yana salla in an tsaya kusa da shi. Ya san mu duka, ya san sunan kowa a lungu. Amma makonnin ƙarshe sun goge, babu bas, babu tafiyar Tabuka, kuma sabon abu ba ya zama a kansa. Abin da aka gaya masa da hantsi, kafin La'asar ya tafi. Ya tsaya a kwanakin gardamar nan, a nan kuma ya zauna.

Ranar da ya fara tambaya ko an tsayar da gari, kuma ina Bashir bai leƙo ba, Baba ya ce ba za a yi wa ɗansa ƙarya ba. Ya zaunar da shi ya gaya masa. Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan nan ba, sai da aka riƙe shi don kada ya ji wa kansa ciwo a bango. Bayan Magariba ya fito wanka, ya ce, "Wai har yanzu ba su tsayar ba? Bashir bai zo ba?" Washegari Ummi ta gwada, a hankali, da addu'o'i. Kukan ya dawo sabo, kamar bai taɓa ji ba.

Khala Zainabu tana jin komai ta bango. Ta hawo benenmu, ita da ba ta fita ko'ina tun rasuwar, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abu Idris," ta ce wa Baba, "ɗana sau ɗaya Allah ya karɓe shi. Ku kuma kullum sai kun sake kashe mini shi a kunnen yaron nan. Halas, ya isa."

Ta wuce ciki ta zauna kusa da Idrisu. Ya gaishe ta da fara'a, ya yi mata tambayarsa.

"Har yanzu suna gardama, ya waladi," ta ce. "Bashir yana gida, na sa shi aiki. Ya ce in gaishe ka."

Na bi ta da kallo lokacin da take sauka. Sai da ta kai tsakiyar bene ta dafa bango.

Haka lungu gaba ɗaya ya ɗauka. Ammi Salihu, masu sayen ƙosai, yaran da aka haifa bayan abin, kowa ya san amsar. Da zafi Yaya ba ya cika tambaya, yakan zauna ne yana kallon waje. Sai iska ta juyo jikinsa yake tuna masa. Khala kuwa duk sanyin duniya sai ta hawo da kwanon abinci, ta kawo masa gaisuwar Bashir, wani lokaci har da tsiyar da Bashir ɗin ya ce a yi masa. Ita kaɗai take sa wa Bashir magana a baki, ba wanda ya taɓa karɓar mata wannan aikin. Wasan kuma ba a sake sa masa rana ba.

Baba ya tafi, Ummi ta bi shi, Khala ta bi su. Na yi aure da sharaɗin wana yana tare da ni, maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa nuna gajiya ba. Tsohuwar unguwar an rushe ta, in na wuce a mota ba na gane inda lungunmu yake. Yanzu kowane ɗaki da mukayyif ɗinsa, firji a cike, Faisal yana da rigunan sanyi da bai taɓa sawa ba. Yaya yakan dubi kaina ya ce, "Rakiya, wa ya zuba miki gari a gashi?" Faisal kuma kullum sai ya sake gabatar da kansa, Yaya ya ce masa, "Madalla, yaro, wane gida kake?"

Jiya bayan La'asar aka faɗa. Ina kicin na ji falo ya ɗauki ihu, na fito da ludayi a hannu. Mai labaran wasanni yana maimaitawa: wasan ƙarshe na kwalejoji a Jidda za a yi shi. Yaran suna rungumar juna. Na dubi bakin taga, na ga Yaya a tsaye, ya dafa kujera, fuskarsa ta koma ta ɗan shekara ashirin.

"Rakiya, kin ji? A gida za mu buga!" Ya yi dariya har da tafi. "Baba zai ji haushi. Maza je ki gaya wa Bashir, kada wani ya riga ki."

Faisal ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Mama, ki ce masa anjima. Zuwa Isha ya manta."

Na sani, na fi shi sani. Amma Yaya yana tsaye yana kallona yana jira, kuma rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun a bakin bas. Na ajiye ludayin, na sa abayata, na fita na ja ƙofa. Na sauka hawa ɗaya na tsaya a kan bene, inda iskar take shigowa ta tagar matakala. Na yi wa Bashir addu'a, na yi wa uwarsa, na yi kukana a hankali don maƙwabta. Da na ga ya kai lokacin da mutum zai je gidan Khala ya dawo, na goge fuska na hau.

"Me ya ce?"

Ban taɓa yin wannan aikin ba.

"Ya ce alhamdulillahi. Ya ce kai dai ka ci ƙwallo, raga ka bar masa."

"Ɗan banza mai cika baki," in ji Yaya, ya zauna yana ta murmushi.

Abokan Faisal suka watse. Na idar da girki, muka yi Magariba, na kawo masa shayi. Ya karɓa, ya kurɓa, ya dubi labulen da iska take ɗagawa.

"Rakiya, sun tsayar?"

Tsohuwar amsar tana bakina, ba ta da wahala, a zaune ake ba da ita. Na dube shi.

"Sun tsayar, Yaya. A Jidda za a yi."

Na miƙe na ɗauki abayata tun kafin ya aike ni.